Nazarin lamari: shekara huɗu wani gida a Gadarif yana neman lambar ɗan ƙasa

Wannan nazari ya shafi wani magidanci Bahaushe a Gadarif, gabashin Sudan, da 'yarsa ta fari. An sakaya sunayensu da na unguwarsu, haka ma ofishin da takardunsu suka maƙale. Daga ƙarshen 2017 zuwa 2021 suka yi ta neman lambar ɗan ƙasa, wadda kowa a can yake kira rakam watani. Na zaɓi lamarinsu ne domin a cikinsa binciken malaman jami'a kan dokar jinsiya, wato dokar zama ɗan ƙasa, ya fito daga mujallu ya isa hannun mai buƙata, har ana iya ganin inda ya yi amfani da inda ƙarfinsa ya ƙare.

Tushen gidan: daga shekarun 1930 zuwa 1994

Kakan magidancin ya baro ƙasar Haɗeja a ƙafa cikin shekarun 1930 da niyyar sauke farali. Ya bi hanyar da dubban alhazai suka bi kafin jirgin sama ya yawaita: Maiduguri, Fort Lami, Abeshe, Adare, Janaina, har Ubayyid inda ake kama jirgin ƙasa. Guzuri ya ƙare masa a yankin Jazira, kudu da Kartum. A lokacin gonakin audugar Jazira, waɗanda suka fara aiki a 1925 bayan an gama madatsar Sinnar, suna neman leburori ido rufe. Ya sauka a wani kambo, wato sansanin leburori, kusa da Wad Madani yana cirar auduga, ya yi aure, aka haifa masa ɗa namiji wajen 1947.

Bai taɓa neman takardar zama ɗan ƙasa ba, domin a ransa shi matafiyi ne da ya yada zango. Wannan ba halinsa ba ne shi kaɗai. Masanin halayyar al'umma C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995 kan Hausawan Jazira, ya nuna cewa har jikokin da aka haifa a Sudan suna ɗaukar kansu alhazai ne da ke kan hanyar Makka.

Ko da ya nema ma, da wuya ya samu. Dokar 1948 da Turawan mulki suka yi ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897, wato kafin yaƙin Karari na 1898 da ya kawo ƙarshen daular Mahadiyya. Dokar jinsiya ta 1957, bayan samun 'yancin kai, ta riƙe wannan rana. Daga baya aka matso da ita zuwa 1 ga Janairu 1924. Gyaran ya rufa wa mutanen Mai Wurno asiri, garin da 'yan hijira daga daular Sakkwato suka kafa, tunda su sun iso gaɓar kogi kusa da Sinnar ne 'yan shekaru bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Amma waɗanda auduga ta tsayar da su bayan 1925 an bar su a waje.

Ɗan da aka haifa a kambo ya koma Gadarif cikin shekarun 1960, lokacin da manyan gonakin dawa da riɗi na tarakta suke faɗaɗa. A nan aka haifi magidancin namu a 1972. Uban ya rasu ba shi da jinsiya. Shi kuma ɗan ya kama awo a kasuwar amfanin gona, yana tafiyar da rayuwarsa da takardar shaidar zama daga lajna, wato kwamitin unguwa, da takardar ƙiyasin shekaru ta asibiti. Dokar jinsiya ta 1994 ta zo ta wuce bai san abin da ke cikinta ba.

Farkon matsalar: 2011 zuwa 2017

A 2011 abubuwa biyu suka haɗu. Kudu ta ɓalle ranar 9 ga Yuli, aka gyara dokar jinsiya ta yadda duk wanda ake ganin ya zama ɗan Sudan ta Kudu ya rasa ta Sudan. A shekarar kuma aka yi dokar rajistar jama'a wadda ta kawo rakam watani. Sannu a hankali lambar ta zama mabuɗin fasfo da asusun banki da rajistar jarrabawar kammala sakandare.

An haifi yarinyar a 2000. Duk wanda aka haifa bayan 1994, matsayinsa yana rataye ne a kan na mahaifinsa a ranar haihuwarsa. A ƙarshen 2017 makaranta ta ce kowane ɗalibin ajin ƙarshe ya kawo lambarsa domin jarrabawar Maris 2018.

Abin da aka gwada bai ci ba: 2017 zuwa 2018

Magidancin ya je ofis da takardar lajna da ta ƙiyasin shekaru da takardar haihuwar 'yarsa. Jami'in bincike ya tambaye shi ƙabilarsa, ya ce Bahaushe. Sai aka ce ya kawo asaba, wato ɗan'uwa ta wajen uba mai jinsiya ta haihuwa, wanda zai rantse cewa jininsu ɗaya. Ba shi da shi. Ƙannensa maza biyu halinsu ɗaya da nasa. Ya kawo maƙwabta biyu masu jinsiya da suka san mahaifinsa shekara talatin, aka ce maƙwabci ba asaba ba ne.

Daga nan ya faɗa hannun wani dillalin takardu da ke zama a bakin ofishin wajen mai shayi. Ya karɓi kuɗin da ya kai na buhu biyu na riɗi, ya ce a dawo bayan mako uku. Mako uku suka zama wata uku, daga baya wayarsa ta daina shiga. Jarrabawar 2018 ta wuce.

Shawara ta uku daga unguwa ta fito, kuma ita ce ta fi girgiza gidan. Wani aminin magidancin mai jinsiya ya ce a rubuta yarinyar cikin 'ya'yansa, an huta. Uwar yarinyar ta karɓi maganar hannu biyu, domin ita ke ganin 'yar tana kuka da dare.

"Malam, takarda ce fa kawai," in ji ta. "Kowa a unguwar nan ya san 'yarka ce."

"Yau kowa ya sani," ya ce mata. "Ranar ɗaurin aurenta wa za a rubuta waliyyi? Ranar da na mutu, da wane suna za ta tsaya gaban alƙali ta karɓi gadonta?"

Aka bar wannan. Ban da batun nasaba, yin haka laifi ne a doka, kuma idan ya tonu har aminin zai shafa.

Sai aka juya wajen uwa. Kundin tsarin mulkin riƙon ƙwarya na 2005, a sashe na 7, ya ce duk wanda uwa ko uba ɗan Sudan ya haifa yana da haƙƙin jinsiya da ba a ƙwacewa. Amma gyaran da aka yi wa dokar jinsiya a shekarar ya ambaci uwar da take 'yar Sudan ta haihuwa. Matar magidancin kuwa sunanta yana cikin takardar tajannus ta mahaifinta, wato shaidar da ake ba baƙon da ya nemi zama ɗan ƙasa, kuma ya nema ne bayan an haife ta. Ofis ya bi lafazin dokar, ya ce wannan ƙofa ba tata ba ce.

Abin da aka miƙa masa a ƙarshe shi ne ya nemi tajannus shi ma. Gyaran 2011 ya mayar da sharaɗin zama daga shekara biyar zuwa goma, wanda bai dame shi ba tunda bai taɓa barin ƙasar ba. Abin da ya dame shi shi ne bayarwar tana hannun hukuma, ta ga dama ta ba da ta ga dama ta hana, kuma doka ta tanadi dalilan da za a iya janye ta. Sannan cike takardar yana nufin ya sa hannu cewa shi baƙo ne a garin da aka binne cibiyarsa. Ya karɓi takardar ya ajiye, bai cike ba.

Shigowar ɗalibin shari'a: 2019

Zanga-zangar da ta tashi a Disamba 2018 ta sa an rufe jami'o'i na tsawon watanni. Cikin waɗanda suka dawo gida har da ɗan ƙanwar magidancin, wanda ya gama digirin shari'a a Kartum yana shirin na biyu. Shi bai taɓa samun matsala ba domin mahaifinsa ɗan Mai Wurno ne.

Yaron ya karanta abin da aka rubuta kan jinsiya bayan ɓallewar Kudu: maƙalar Nasredeen Abdulbari ta 2011, wanda daga baya ya zama ministan shari'a a Satumba 2019, da rahoton Munzoul Assal na Jami'ar Kartum na 2011, da nazarin Bronwen Manby na 2012. Yawancin wannan aiki an yi shi ne saboda 'yan Kudu, amma ya tono tarihin dokar tun daga 1948, ya kuma nuna cewa mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne, waɗanda ake haɗawa a kira Fallata, sun daɗe suna shan wahalar samun takarda ko da doka tana gefensu.

Wata rana bayan la'asar ya zauna da kawunsa a ƙofar gida.

"Kawu, a ina aka haifi Kaka?"

"A kambon Madani."

"Kafin Turawa su tafi ko bayan sun tafi?"

"Kafin. Da wayonsa aka ɗaga tuta."

"To Kawu, wa ya ce maka ba ka cancanta ba?"

"Ai kowa ya sani, ɗana. Sai wanda kakansa ya riski zamanin Mahadi."

Nan matsalar ta fito fili. Magidancin, da dattawan unguwar baki ɗaya, suna auna kansu ne da ma'aunin 1897, wanda aka sauya har sau biyu. Sashe na 4 na dokar 1994 ya yi magana kan waɗanda aka haifa kafin dokar: an haifi mutum ko mahaifinsa a Sudan, kuma shi ko kakanninsa ta wajen uba suna zaune a ƙasar tun 1 ga Janairu 1956. Babu sunan wata ƙabila a sashen. Magidancin ya cika duka biyun tun ranar da dokar ta fara aiki, shekara shida kafin a haifi 'yarsa.

Yaron ya rubuta takardar koke mai shafi uku da Larabci, ya jera sassan doka, suka kai ofis. Jami'in ya karanta, ya ce ba ya jayayya da doka, amma ina hujjar cewa kakan yana Sudan kafin 1956, kuma ina asaba? Koken bai motsa fayil ɗin ba.

Da aka buɗe jami'a, yaron ya shiga Darul Wasa'iƙ, gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kartum, yana fatan ya ga sunan kakan a fayilolin zamanin Turawa. Abin da ya samu ya duba rahotanni ne da ke lissafa leburori da alhazai a dunƙule, adadi kaza sun shigo, adadi kaza sun wuce Sawakin, tashar da alhazai ke hawa jirgin ruwa zuwa Jidda. Sun amfane shi a karatunsa, ba su amfani kawunsa ba.

Akwatin Gwaggo: 2020

Kullen korona ya hana tafiya tsakanin jihohi na wasu watanni. Sai a ƙarshen 2020 suka je Wad Madani wajen ƙanwar mahaifin magidancin, tsohuwa mai kimanin shekara saba'in, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kakan. Kafin wannan rana ba wanda ya tambaye ta komai. Shekara uku ana neman namiji mai takarda, ba a tuna da macen da ta yi jinyar tsohon har ya cika ba.

Ta sa aka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai gafakar kakan, fatar ta yi baƙi don tsufa, igiyar ratayawar ta tsinke an ɗaure ta da zare. Tsakanin warƙoƙin Alƙur'ani rubutun hannu akwai takardu biyu a ninke. Ta farko takardar ɗaurin auren kakan ce, da tawadar malamai wadda ta koma ruwan ƙasa, an rubuta sunan ƙauyen da shekarar 1365 ta Hijira, wato 1946, da sunayen shaidu. Ta biyu ƙaramin katin allurar rigakafi ne na maniyyata, da hatimin likitan gwamnati na Madani da shekarar 1951. Tsohon ya yi allurar da niyyar wucewa Sawakin a shekarar, Allah bai nufa ba. Ninkin katin ya kusa raba shi biyu, sai da aka shimfiɗa shi a kan faifai kafin a ɗauki hotonsa da waya.

Yaron yana karanta sunayen shaidun auren da ƙarfi, ya zo kan na biyu, sai tsohuwar ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Wannan ai Baffa ne, ƙanin Baba. Tare suka zo daga gida."

"Gwaggo, dama Kaka yana da ƙani a ƙasar nan?" in ji magidancin.

"Yana da shi mana. Sun saɓa ne kan wata gona ina ƙarama, ya tattara ya yi wajen Sinnar. Babanku bai so a yi maganarsa."

Ta hannun limamai da masu unguwannin Hausawa aka bi sawu daga Madani zuwa Sinnar zuwa wani ƙauye kusa da Mai Wurno. Baffan ya daɗe da rasuwa, amma aka tarar da ɗansa, dattijo mai noman gaɓar kogi, wanda ya karɓi jinsiya ta haihuwa a 1997, bayan sabuwar doka, da shaidar sarkin yankinsu. Sunan kakansa a takardar ya yi daidai da sunan da ke cikin takardar auren. Wannan shi ne asaban da aka shekara uku ana nema.

Sakamako: 2021 zuwa 2022

A farkon 2021 aka sake shigar da fayil ɗin da abubuwa huɗu: takardun gafaka biyu, wasiƙar umda, wato mai sarautar gargajiya, na Hausawan yankin, koken da yaron ya rubuta tun 2019, da dattijon Sinnar da kansa, wanda ya zo ya rantse. An yi masa tambayoyi shi kaɗai, aka yi wa magidancin shi kaɗai, aka gwada amsoshin. An tura fayil ɗin sama, ya yi watanni. A Agusta 2021 magidancin ya karɓi lambarsa a matsayin ɗan ƙasa ta haihuwa, yana da shekara 49. Na 'ya'yansa ba su ɗauki wata guda ba. Ƙannensa biyu suka bi ta kansa, tunda yanzu shi ne asabansu.

Yarinyar ta rasa zama huɗu na jarrabawa. Ta zauna ta 2022 a matsayin ɗalibar gida, tana da shekara 22, ta ci.

Abin da ya biyo baya: 2022 zuwa 2025

A Yuli 2022 rikici ya ɓarke a jihar Nilul Azraƙ bayan Hausawa sun nemi a ba su masarautar gargajiya tasu. An kashe sama da mutum 100 a watan, sannan sama da 200 a Wad al-Mahi cikin Oktoba. Hausawa suka yi zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Kartum. Maganar da ta yi ta yawo ita ce ta baƙo da ɗan ƙasa, irin wadda ta tayar da hankali a 2008 lokacin da wata jarida ta ambato shugaban ƙasa na lokacin, Umar al-Bashir, yana cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne, shi kuma ya musanta. Magidancin yana da lamba a aljihu, amma a kasuwa ya ji an kira shi baƙo a wannan damina fiye da kowane lokaci.

Yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023, karatun jami'a da yarinyar take shirin farawa ya tsaya. A Disamba 2023 dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin gwamnati, suka kama Wad Madani. Gwaggo ta iso Gadarif da kayan jikinta, akwatin ya rage a can. Takardun biyu da aka mayar mata bayan an gama da su suna ciki. Abin da ya rage shi ne hotunan waya da kwafin da ke fayil. Tsakiyar Kartum, inda Darul Wasa'iƙ yake, ya zama fagen daga har sojoji suka karɓe shi a Maris 2025. A shingayen hanya kuwa ana yawan tambayar takardar shaida, kuma magidancin ya ci gaba da kai kaya kasuwannin ƙauye da lambarsa.

Hukunci

Ba binciken jami'a ne ya buɗe ƙofar ofishin ba. An gwada shi shi kaɗai a 2019 bai ci ba. Aikin da ya yi shi ne ya sauya abin da gidan yake nema. Kafin yaron ya zo, suna neman wanda zai yi musu alfarma, shi ya sa dillali ya ci kuɗinsu, shi ya sa aka kusa rubuta 'ya da sunan wani uba. Bayan ya zo, suka koma neman hujjar shekara guda takamaimai. Wanda yake ganin sai ya kai 1897 ba zai buɗe akwatin Gwaggo ba, domin ya san ba abin da zai samu a ciki. Wanda ya san 1956 ce zai buɗe. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san ciwon.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shekara 25 da suka wuce tsakanin dokar 1994 da ranar da wani ya karanta wa mutumin nan sashe na 4. Nazarce-nazarcen da na ambata da Turanci aka rubuta su, masu karanta su kuma ba su ne masu tsayuwa a layin ofis ba. Dokar tana nan da Larabci, amma ba wanda ya kai ta zauren mai unguwa ko ya bayyana ta da Hausa bayan sallar Juma'a. Ɗaliban shari'a da tarihi Hausawa da ke Sudan suna da yawan da za su iya wannan aiki unguwa-unguwa.

Dole kuma a faɗi cewa asaba ne ya yanke hukunci, kuma samunsa dace ne. Haƙƙin dattijon Sinnar bai fi na ɗan'uwansa na Gadarif ba. Uban wannan da kakan wancan ciki ɗaya suka fito, rana ɗaya suka shigo ƙasar. Ɗaya ya zauna kusa da masarautar da hukuma ta sani tun zamanin Turawa, ɗayan zuriyarsa ta tashi daga kambo. Muddin ofis yana neman mai takarda ya shaidi marar takarda, gidan da ba wanda ya taɓa samu a cikinsa zai gadar wa jikoki rashin, ko me doka ta ce. A nan nake ganin bincike na gaba ya kamata ya zauna: a kan teburin jami'in bincike, a ga me yake tambaya, wa yake tambaya, da wace ƙa'ida yake karɓa ko ya mayar. An yi wa lafazin dokar hidima sosai. Yadda ake aiki da ita a kan Bahaushen Gadarif ko na kambon Jazira yana buƙatar ƙarin masu zuwa su gani da idonsu.

Wannan hanya kuma ba ta kowa ba ce. A layin gidan magidancin akwai gidaje biyu da fayilolinsu ba su motsa ba. Ɗaya kakansu ya shigo kafin 1956, amma ba takarda ba asaba, tsofaffin da suka sani sun ƙare. Ɗayan kakansu ya iso a 1958, shekara biyu bayan ranar da doka ta yanke, kuma abin da aka miƙa musu har yanzu takardar tajannus ce.